Tabon Fuskar Zinariya Mai Gumi

In kin taɓa dafa shinkafar gumi ta Wurno tat tashi warwar, babu tsakuwa, babu karyayya, babu warin tsami, da wuya in ba daga hannun Zinariya taf fito ba. Ba don tana 'yar'uwata nike faɗin haka ba, ku tambayi masu awo a kasuwar Goronyo. Uwata da uwarta ciki ɗaya sunka fito. A Lahodu anka haife mu, aure yak kawo mu Wurno, gida biyu ne tsakanina da ita. Na girme ta da shekara tara, don haka Adda take kirana.

Gumi tag gada wurin uwarta. Ana jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta kwana cikin ruwan ɗumi, a tsame, a turara a rabin duro har ɓawon ya fara tsagewa, sannan a shanya. Shanyar nan ita ce aikin. In rana ta yi mata yawa, sai ta kakkarye a inji. In ta yi kaɗan, ta yi tsami. Sauran mata sukan baza a tamfol su koma ɗaki su bar wa Allah da kaji. Zinariya ba ta barin tata. Tun hantsi take tsaye a kanta har la'asar, tana juyawa da ƙafa, tana ɗaukar ƙwaya tana gatsawa, da haƙori take sanin lokacin kwashewa. Shekara ashirin tana haka. Mijinta Mu'azu, manomin albasa, yakan tsokane ta ya ce da ita da rana bai san wadda ta fi wata taurin kai ba.

Kafin in ci gaba sai na faɗi maganar Larai, don duk tsoron da munka sha daga can yaf faro. Larai yayar Zinariya ce, a Tursa anka kai ta aure, ta rasu shekara goma sha ɗaya da sunka wuce, ko shekara arba'in ba ta cika ba. Ina cikin mata uku da sunka yi mata wanka. Na ga baƙin tabo ya shimfiɗe a kumatunta biyu ya haye karan hanci, da fari-fari a cikinsa kamar ƙuna. Na ga kanta ya zube wuri-wuri. Na ga ƙafafunta sun kumbura, in ka danna yatsa sai rami ya zauna. Muna cikin wankan wata tsohuwa tat taɓe baki tac ce, "Allah Shi gafarta mata, man shafe-shafe ya ci ta." Nufinta man da mata ke shafawa don su yi fari. Na yarda a lokacin, kuma har gobe ina jin haushin kaina. An hana mai wankan gawa faɗin abin da tag gani, shi ya sa nib binne shi a cikina shekara da shekaru. Yanzu ma da izinin danginta nike faɗi, don kada a kai mu ga wanke wata.

Bazarar shekara huɗu da sunka wuce abin yab bayyana ga Zinariya. Da fari wani duhu ne a kumatu, kamar ta shafa toka. Sannan yat taso, yay yi ɓawo-ɓawo, yah haye hanci, ga wasu a kunne da bayan hannu. Ba ya ƙaiƙayi sosai, sai dai zafi in ta shiga rana. Da safe yatsunta su ƙage, ba ta iya riƙe ludayi sai hantsi ya yi. Ga gajiya wadda barci ba ya ɗaukewa, ga zazzaɓi mai zuwa ya tafi.

Ran sunan wani jariri a unguwarmu, muna zaune ana rabon tuwo, matar Sa'adu tela tad dube ta tay yi shewa.

"Ke Zinariya, wane mai na wanga? Gaya muna sunanai mu kiyaye shi!"

Mata sunka fashe da dariya. Wata tac ce, "Ai suna take son cikawa. An ce Zinariya, dole ta yi ƙyalli."

"Ƙyalli ko ƙauri? Mu'azu dai bai ce baƙa ta ishe shi ba, ke kinka sa kanki."

Zinariya tac ce, "Wallahi ban shafa komi ba in ba man kaɗe ba."

"Haka kowa ka cewa, 'yar nan. Wa kinka taɓa ji ta amsa?"

Nic ce da matar Sa'adu ta ci tuwonta ta bar fuskar mutane, tunda ita tata fuskar ko mai bai yarda da ita ba. Anka yi dariya, anka wuce wurin. Amma na dubi kumatun Zinariya da kyau ran nan. Na san inda nit taɓa ganin tabon nan. Nic ce a raina kama ce kawai. Ina so ya zama kama ce kawai.

A gida kuma uwar mijinta, Goggo Adawiyya, ta riga ta yanke nata hukunci. Fuska dai mai ne, tac ce, wannan tsakanin Zinariya da Allah. Gaɓoɓi kuwa sanyi ne, tunda kullum hannunta na cikin ruwan jiƙo. Maganin sanyi kuma kowa ya sani a ƙasar nan: rana. Duk ranar da jiki yah hana Zinariya aiki, sai Goggo ta jawo tabarma ta shimfiɗa a tsakiyar gida inda babu ko inuwar igiyar shanya.

"Hito ki sha rana, sanyin ya narke. Ɗaki ba ya ba kowa lahiya."

Zinariya mai biyayya ce, sai ta fito ta kwanta. Washegari ta tashi fuska ta ƙara ci, jiki ya ƙara mutuwa, Goggo ta ce sanyin ne ke fita, a ƙara. Ba mugunta ba ce, Goggo na son ta. Haka anka yi wa Goggo, haka tag ga ana yi. Amma so bai hana ta gasa yarinyar nan da rana ba, kuma muna tsaye muna kallo.

Wani mai kemis kuma yas samu nashi rabo. Duk zuwan zazzaɓi sai ya ce taifot ne da maleriya, ya tsira mata allura, ya ba ta ƙwayoyin kashe ciwo ta yi ta haɗiya. Sau biyar shina maganin ciwo ɗaya bai taɓa tambayar kansa mi ya sa ba ya tafiya ba. Fuskar ma ko dubanta bai yi ba, yac ce ta daina shafe-shafe. Kowa ya zama likita a kanta, har masu awo. Ɗaya daga cikinsu yat tambayi Mu'azu a gefe wai ko kuturta ce, don in ita ce ba zai ƙara ɗaukar shinkafarta ba. Da damina tas sauka, aikin shanya yar ragu, sai abin yal lafa kaɗan, anka ce maganin kemis ya yi aiki.

Bayan kaka ta uku Mu'azu yar rasu. Motar da tad ɗauko shi da irin albasa tak kife a hanyar Goronyo, ko asibiti ba a kai da shi ba. Ya bar ta da 'ya'ya uku. Zinariya tash shiga takaba, wata huɗu da kwana goma.

Ni da hannuna nik kwashe kayan kwalliyarta ranar da taf fara, tunda mai takaba ba ta ado. Nid duba faranti, nid duba ƙarƙashin gado, nid duba cikin kwalla da akwati. Ba zan ɓoye ba, man nike nema, don maganar mutane ta fara shiga kaina. Abin da nis samu: man kaɗe a gwangwani, basilin, kwalli, turare ɗan kwalba, da sabulun salo. Shi ke nan.

Gidansu gidan gandu ne, ƙannen miji da masu gaisuwa na shige da fice, don haka Goggo tac ce mai takaba ba ta zama tsakar gida. Malamai ba su ce haka ba, Goggo tac ce. Zinariya taz zauna a ɗaki. In za ta kewaya sai ta zumbula hijabi har ƙasa ta yi sauri ta dawo. Duro yay yi tsatsa a bayan ɗaki, tamfol na naɗe. Maccido, yayan mijinta, shi yar riƙe ci da shansu.

Wata biyu da shiga, fuska taf fara washewa. Ɓawon yaz zube, kumburin yak kwanta, sai ɗan duhu da 'yan fararen ɗigo. Gashi yat tsiro inda yaz zube. Yatsu sunka saki. Mace na cikin baƙin cikin miji amma jikinta na komawa na budurwa. Mata masu zuwa gaisuwa sunka gani, sunka fita suna zunɗe. Da kunnena nij ji matar Sa'adu a zaure tana cewa, "To, mi munka ce? Takaba ta raba ta da mai, ga huska ta dawo. Allah Ya tona."

Kun ji inda anka ɓata. Takaba ta hana shafa, fuska ta warke, sai kowa yac ce lissafi ya fita. Babu wanda yat tuna takabar nan ta raba ta da wani abu bayan kwalliya. Ni kaina da nis san babu mai a ɗakin, ban kai ga tunanin ba. Na dai yi murna, na ce Allah Ya kawo sauƙi.

Taf fita takaba ana tsakiyar zafi, shinkafar rani na shigowa daga fadama. Ni niy yi mata kitson fita, gashi cike da hannu. Kwana uku tsakani tag goge duro tah hura wuta, don marayu uku ba sa jiran kowa. Tat tsaya a kan shanya kamar da, tun hantsi har la'asar.

Kwana goma sha biyu abin yad dawo, kuma ba irin na da ba. Fuska tay yi kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Wuya, kunne, ƙirji inda riga ba ta rufe ba, duk ya fashe. Gyambo yaf fito mata a ganɗa, ko kunu sai ta rufe ido take haɗiya. Da niz zo tsefe mata kitson da niy yi, sai kitso ɗaya yab biyo hannuna gaba ɗayansa. Nib ɓoye shi a bakin zane don kada ta gani. Mutane sunka ce ta koma wa mai, wai tana neman miji. Mace na tafiya tana dafa bango, wai miji take nema! Masu faɗin haka ba su taɓa shigowa sun ce sannu ba.

Wata safiya tat aiko in zo. Nit tarar da ita zaune bakin gado, fatar idonta ta kumbura har idon ya zama 'yar tsaga. Tan nuna mini silifas ɗinta.

"Ba su shiga, Adda."

Nid durƙusa nid danna yatsa a ƙaurinta. Rami yaz zauna. Nij jira ya cike, bai cike ba.

"Akwai wani abu kuma," tac ce, taj jawo fo daga ƙarƙashin gado. Fitsarin na da kumfa kamar an kaɗa omo. "Kwana shida ke nan. Ko na bari ya daɗe, kumfar ba ta kwanciya."

Nim mayar da fon ƙarƙashin gado. Tad dube ni da idanun nan.

"Adda, ke kinka wanke Larai."

"Ba a faɗin abin wanka, kin sani."

"Ban ce ki faɗi ba. Ki dube ni ki ce ba haka ƙafafunta sunka yi ba. Shi kaɗai nika so."

Nik kasa. Tag gyaɗa kai a hankali, tac ce, "Wata nawa tay yi bayan kumburin?"

Uku tay yi. Ban gaya mata ba, amma ta iya lissafi, ta je jinyar.

Muna haka sai ga Goggo da tabarma a hammata. "Ku hito da ita, hantsi ya yi kyau. Wanga kumburi ruwan sanyi na, rana za ta tsotse shi."

Ban san lokacin da nif fizge tabarmar ba. A ƙasarmu ba a yi wa tsohuwa haka, na sani, kuma na ba ta haƙuri daga baya. Amma ran nan na yi. Nic ce, "Goggo, shekara uku kina shanya ta kamar shanshera. Ta warke? Yau ba ta fita."

"Ke Hwatimatu, ni kika gaya ma magana cikin gidana?"

"Ke nika gaya ma, Goggo, da girmanki da komi."

Hayaniya taj jawo Maccido daga zaure. Mutum ne mai sanyin hali, irin masu cewa a bari a gani. Yac ce a yi haƙuri, akwai wani mai magani a Kwargaba da aka yabo, ran kasuwa za ya aika a amso. Asibiti kuma, in an je mi za a ce? A ce mace ta ƙona fuskarta da mai? Abin kunya ne ga gidan.

Nic ce, "Malam Maccido, ni nik kwashe kayan ɗakin nan, babu mai. Ni kuma niw wanke yayarta da wagga fuska da waɗanga ƙafafu. In kana son a jira ran kasuwa, a jira. Amma ka nemi wadda za ta yi wankan, don wallahi ba ni wanke ta biyu."

Goggo taz zauna a kan turmi. Maccido yas sa hularsa yaf fita neman mota.

A asibitin da ke kusa da mu wata nas tat tsoma ɗan tsinken takarda a fitsarin, launinsa yaj juya nan take. Tak kira likita, yad duba, yar rubuta takarda yac ce mu wuce Sakkwato, kada mu kwana biyu. Kowa ya san yadda hanyoyinmu sunka zama, ba mai shiga mota sai da addu'a a baki. Amma ran nan ban dubi daji ko sau ɗaya ba. Ƙafafunta nike kallo, ina ganin kamar ƙaruwa suke a idona.

A babban asibiti anka yi ta tura mu daga wannan layi zuwa wancan, har munka faɗa hannun likitar fata, wata mace mai gilashi, 'yar Rabah, a harshe nig gane ta. Ita ce mutum na farko cikin shekara uku da tat taɓa fuskar Zinariya da hannunta. Tad duba kunne, tab buɗe baki tah haska, tad duba kai da farce, tal lanƙwasa yatsu. Tat tambayi ko tana shafa wani abu. Zinariya tac ce a'a, tana jiran a ƙaryata ta. Likita tar rubuta, taw wuce ga wata tambaya. Sai nig ga hawaye na bin tabon.

"Yaushe shika tashi, yaushe shika kwantawa?"

Zinariya tac ce da zafi ya fi tashi. Ni kuma, don haushin da ke cina, nis sako maganar takaba, yadda fuska taw washe, da abin da mutane sunka ce. Likita ta aje biro.

"Wata huɗun nan, tana fita rana?"

"Ko tsakar gida ba ta zama."

"Sana'arta mi?"

Munka gaya mata gumi, da tsayuwa kan shanya, da tabarmar Goggo. Tac cire gilashi tam murje ido. Ni kuwa a nan abin yaf faɗo mini gaba ɗaya, kamar an sauke mini buhu a ka. Rana. Abin da takaba tar raba ta da shi ke nan. Shekara uku amsar na bisa kanmu tana ƙona mu.

Likita ba ta yanke ba ran nan. Tac ce tana da zato, amma ciwon da take zato yakan yi kama da cututtuka da yawa, sai gwaji ya nuna. Anka ɗebi jini kwalba-kwalba, anka karɓi fitsari, anka yanki ɗan fata mitsitsi a bayan kunne. Saboda ƙodar anka ba ta gado, anka fara mata magani. Wani gwajin sai da munka jira kwana goma sha ɗaya. Kwanakin nan ba na fatan ko maƙiyi ya yi irinsu. A gadon da ke kallon namu akwai wata mata da ake kaiwa wankin ƙoda, ta bushe sai idanu. Duk wucewa da ita Zinariya sai ta juya wa bango. Wata rana da azahar tac ce mini, "Adda, in ta Larai ta same ni, ƙaramar 'yata ki ɗauke ta. Goggo ta tsufa." Nic ce ta rufe mini baki. Nif fita baranda niy yi kuka har wata mai shara tat tsaya tana ba ni haƙuri.

Da sakamako yaf fito, likita taz zaunar da mu har da Maccido. Tar rubuta sunan a takarda: lupus. Tac ce ba ta san sunansa da Hausa ba. Garkuwar jiki ce, wadda Allah Ya yi don ta yaƙi cuta, take rikicewa ta juya kan mai ita: fata, gaɓoɓi, jini, wani lokaci ƙoda. Mata ya fi kamawa, a shekarun haihuwa. Yakan bi dangi, ko da yake ba dole ba. Rana na tayar da shi ga mutane da yawa.

Maccido yag gyara zama yac ce, "Likita, ana ɗauka? Don akwai yara a gidan."

"Ba a ɗauka, Malam. Ku ci kwano ɗaya. Ba kuturta ba ce, ba sammu ba ne."

"To... man fa?"

"Babu ruwan mai. Na ga fuskokin da mai yaƙ ƙona, ba su ƙirguwa. Wagga ba ita ba ce."

Nic ce, "Don Allah likita ki sake faɗi da ƙarfi, ya kai Wurno."

Ba ta yi dariya ba. Tac ce ciwon ya taɓa ƙoda, kuma ƙwayoyin kashe ciwon da tay yi ta sha sun ƙara mata nauyi. An zo kafin ta lalace, amma ba da tazara mai yawa ba. Ba a warkewa a rabu da shi, sai dai a kwantar da shi da magani, a yi ta bibiya, kuma yakan tashi ko ana shan maganin. Nit tambaye ta Larai. Tac ce ba za ta iya yanke hukunci kan wadda ba ta gani ba.

Sannan taj juya ga Zinariya. "Tsayuwa cikin rana ta ƙare miki."

Zinariya tac ce, "Da ita nika ci da marayu, likita."

"Na sani. Amma in kin koma, gadon da ke kallon naki za ki koma."

Sati uku munka yi. Yau kusan shekara ɗaya ke nan. Kumburin ya sauka, silifas na shiga, gashi ya dawo sai wuri biyu da likita tac ce ba zai ƙara tsirowa ba. Tabon kumatu ya dushe amma shina nan. Tana shan magani kullum, ana gwada fitsari da jini lokaci-lokaci, har ido ake dubawa saboda ɗaya daga cikin magungunan. In fita ta kama, sai da lema da dogon hannu da wani man kare rana da likita tar rubuta. Ranar da matar Sa'adu taj ji labarin man nan, sai cewa tay yi, "Ahaf, ga shi yanzu da takardar likita take shafawa." Na je har gida na karanta mata takardar asibiti a gaban mijinta. Tac ce ita ba ta iya boko ba. Irin waɗannan ba su da magani, kuma akwai wata yarinya a bayan kasuwa da nig ga irin duhun nan a kumatunta, su ɗin dai sun fara yi mata shewa. Na je na sami uwarta. Ta ce za ta yi shawara da mai gida. Jibi zan koma.

Gumi bai mutu ba. Maccido ya kafa mata rumfar kwano a bakin ɗaki, a nan take jiƙo da turare. Shanya kuwa Goggo Adawiyya ce ke yi. Babu wanda yas sa ta. Wata safiya tad ɗauki tamfol tash shimfiɗa, tad ɗora malfar Mu'azu a kan ɗankwali, tash shiga juyawa da ƙafa. Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, har yau in an tambaye ta cewa take sanyi ne yash shiga ƙoda. Amma tabarmar nan ban ƙara ganinta a tsakar gida ba. In an jima sai ta ɗebo ƙwaya a tafin hannu ta kawo bakin rumfa, don ita haƙoranta sun ƙare.

"Gatsa ki ji."

Zinariya ta gatsa. "Da saura, Goggo."

"Ke dai ba a iya miki. Uwarki ma haka tay yi ta wahal da mutane."

Kullum da safe nikan leƙa kafin in ɗora tukunya. Ba ma doguwar gaisuwa. In dubi fatar idonta, in dubi ƙafa, in ce, "Da kumfa?" Ta ce, "Babu, Adda." Sau ɗaya cikin azumin bana tay yi shiru kafin ta amsa, kafin azahar muna cikin motar Sakkwato, anka ƙara magani, abin yak kwanta. Yau da safe babu. Zafi kuma ya fara, shinkafar rani na hanya.